Littafi Marar Bango

Ruwa ya tsare ni a Adum,
a rumfar Wofa Adusei mai tsofaffin littattafai,
sidi tamanin ƙulle a bakin mayafina,
har da kuɗin motar komawa Aboabo.

Na ce, na sarrafa sigina nake nema,
inda ake yanka sauti ƙanana-ƙanana a mai da shi lambobi.
Ya sunkuya, ya ture kwalin littattafan likitanci,
ya zaro uku, ya kaɗe musu kashin kyankyaso.

Na farko ƙato ne, nauyinsa ya kai na dutsen niƙa.
Shi Dakta Frimpong ya rubuta mana a allo ranar farko.
Na buɗe tsakiyarsa:
shafi huɗu babu maganar mutane,
alamomi na hawan juna kamar tururuwa a kan sukari,
can ƙasa ya ce, "wannan a bayyane yake."
Ga wa?
Sidi ɗari da hamsin.
Na rufe shi da ladabi,
irin gaisuwar da ake yi wa babban da ba ya amsawa.

Na biyu siriri, sai sheƙi da zane mai launi,
ya yi rantsuwa mako biyu ka ƙware.
Irinsa Mutawakilu ya saya bara.
Ya iya danna kwamfuta, ba laifi,
amma da aka ce masa "don me?"
sai ya ɗaga kai yana kallon fanka.
Koko ne da aka tsinka:
daɗin wucewa, kafin azahar yunwa ta dawo.

Na uku ba shi da bango.
Manja ya ɗiga a babi na biyu.
Wata ta riga ni zama a cikinsa,
Afua Serwaa, da fensir, rubutu kamar ƙafar sauro.
A gefe guda ta ce, "koma baya, ka tsallake wani abu."
A wani, "nan na yi kuka."
Shafi bakwai gaba, "oho!"

Wofa bai san da kaset ɗin ba.
Yana cikin gwangwanin madara a ɗakin Baba:
kakata Hajiya Zinatu na aika saƙo ga ɗanta da ke Libiya,
ruwa na dukan kwano, wutar lantarki na gurnani a ƙarƙashi.
Ta ce, "ku gaya wa Sumaila,"
daga nan sai shuuu.
Shekara talatin Baba yana kara kunne,
yana juya kaset da biro, yana sakewa.

Marar bangon ya ce gurnanin wuta yana da gidansa,
hamsin a kowace daƙiƙa, ana iya rufe masa ƙofa.
Ya ce in ka ɗebi sauti da rowa
zai dawo maka da baƙuwar fuska,
kamar tayar mota mai gudu da ido ke gani tana komawa baya.
Bai yi mini ƙarya ba kuma:
inda ruwa da murya suka kwana ɗaki ɗaya
rariya ba ta raba su duka,
wani abu zai bi tsaki.
Wannan layin na karanta sau uku a tsaye.

Saba'in, in ji Wofa.
Na ce amsoshin baya fa? An yage.
Ya yi dariya, ya ce wataƙila an ƙunshe gyaɗa da su a Kejetiya.
Sittin da biyar.
Ya sa mini shi a baƙar leda, ya ƙulle sau biyu.

A mota na ɗora shi a cinya,
yaron mota na kiran Aboabo, Aboabo,
ruwa na buga rufi, injin na nasa,
wata a bayana tana cinikin doya a waya.
Na lumshe ido ina gwada ware muryarta ita kaɗai.
Na kama "gobe," na kama "sha biyu,"
sauran ya bi taga.